Masu shigar mata a dandali: a duba masu biyan kuɗin kallo ma

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Na karanta ra'ayin da kunka buga kwanan baya kan samarin nan da ke ɗaura ɗankwali su sa atamfa su rambaɗa jan baki suna kwaikwayon mata a TikTok, marubucin yana cewa wai sabon abu ne da waya ta kawo muna kuma maganinshi kawai a kama a yi masu aski a kai kotu. Ni tela ne nan Gusau, kuma tun ina yaron shago nake son karance-karancen tarihin tufafi, shi yasa nace bari in sa baki, don irin wanga abu ya taɓa cika gari a Amurka lokacin da yunwa ta kama su.

Tun farko in faɗi matsayina. Ni Musulmi ne, na san hadisin da ya la'anci namiji mai kamanta kanshi da mace da mace mai kamanta kanta da namiji, ban zo halatta komi ba. Abinda ke ci man rai shine wa ake kamawa kuma wa ake ƙyalewa.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe, bankuna dubbai sunka rufe da kuɗin mutane a ciki, kafin 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki, magidanta na bin layin miya da burodi. Mu ma nan abin ya shafi kakanninmu fa, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda kenan, ana murna za a riƙa ɗaukar gyaɗa da auduga sai farashinsu ya faɗi ƙasa warwas, haraji ko yana nan. Toh a Amurka lokacin doka ta hana saida giya tun 1920, sai mashaya ta koma ɓoye a hannun 'yan daba, kuma da aljihun mutane ya bushe masu gidajen rawa sunka rasa kwastoma, dole su nemo abinda zai sa mai kuɗi ya fito da dare. Abinda sunka samo shine maza masu shigar mata da masu kwaikwayon maganar mata, suna waƙa suna barkwanci. Tsakanin 1930 da 1933 abin ya zama yayi a Niyok da Shikago da Los Anjalis da San Faransisko. Wani yaro Gene Malin da ke wasa a gidan rawa na Club Abbey ya shiga sahun waɗanda sunka fi kowa albashi a gidajen rawan Niyok a 1930, shi ma yawanci kwat yake sawa, murya da yanga ne jarinshi. Akwai Karyl Norman shi kuma da tufafi ya yi suna, mutane na zuwa ne don su ga rigar da zai fito da ita.

A unguwar Harlem ta baƙaƙen fata a Niyok akwai bikin da wata ƙungiya Hamilton Lodge ke yi shekara-shekara tun 1869, a shekarun 1930 a zauren Rockland Palace ake yinshi, dubban mutane ke cika wurin. Ga yadda zaman yake, kuma nan nake so a lura: a ƙasa masu shigar ne ke zagayawa ana duba wanda rigarshi ta fi kyau a ba shi kyauta, a sama ko cikin kujerun alfarma manyan gari ne da attajirai, turawa da baƙaƙe, sun sayi tikiti sun zo da matansu suna kallo suna tafi. Jaridun baƙaƙen fata irin su Amsterdam News har bayanin rigunan suke bugawa. Ba maza kaɗai ba, akwai Gladys Bentley, mace ce mai kiɗa fiyano, ita farar kwat ta maza da doguwar hula take sawa, ta yi wasa a gidan rawa na Clam House daga baya Ubangi Club.

Yanzu bari in yi maganar sana'ata, don wlh duk telan da ya kalli hotunan nan sai ya jinjina ma hannun da ya yi aikin ko da bai yarda da wanda ya sa ba. A shekarun 1920 rigar yayi gajera ce kuma miƙaƙƙiya ba ƙugu ba komi, kowa ya sa ta zauna. Da anka shiga 1930 sai yayi ya juya, riga ta koma doguwa har ƙasa, mai bin jiki, bayanta a buɗe, kuma ana yanka yadin ne a karkace, salon da wata tela 'yar Faransa Madeleine Vionnet ta shahara da shi. Duk wanda ya taɓa yanka satin a karkace ya san wahalarshi, yana cin yadi sosai, yana zamewa ƙarƙashin almakashi, a kan keke yana miƙewa, kuma in ka yi gaggawar kalmashe ƙasan rigar baka rataye ta ta kwana ba gobe ka tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Toh ka ɗauki wagga riga da anka yi don jikin mace ka ce za ta zauna ma ƙato mai faɗin kafaɗa wanda ba shi da ƙugu. Sai an ɗaure ciki tamau, an yi ciko a ƙugu da ƙirji, a sa doguwar safar hannu har sama da gwiwar hannu don ta rufe damtse, a naɗa gashin jimina ko sarƙa mai faɗi a wuya don a ɓoye zakaran wuya. Gashin kanti a yi mashi lanƙwasa-lanƙwasa a manne da kai, gira a tsige ta a ja siriri da fensir irin na 'yan fim ɗin lokacin su Jean Harlow, duwatsu da ƙyalƙyali kuma ɗaya bayan ɗaya ake dasa su da allura. Manyan taurari suna da kuɗin siliki na gaske, amma talakan da ke zuwa bikin Harlem fa? Wannan zamanin ne matan karkara a Amurka ke ɗinka ma 'ya'yansu riga da buhun fulawa. Yadin rayon mai arha wanda ke ƙyalli kamar siliki shi ya rufa ma mutane da yawa asiri. Ni in na ga irin wanga aiki abinda ke zo man a rai shine an yi asarar gwani, hannun da ya iya wannan zai iya riƙe shago ya ciyar da gida.

Sai ƙarshen abin. A Janairun 1931 'yan daba sunka yi harbe-harbe cikin Club Abbey, 'yan sanda sunka fara matsa ma irin waɗannan gidaje. A Disamban 1933 anka janye dokar hana giya, mashaya ta dawo fili da lasisi, kuma hukumar lasisi na iya ƙwace takardar duk gidan da ta ce ba tarbiyya, sai masu gidajen da sunka ci riba jiya sunka sallami 'yan wasan don su tsira da jarinsu. A 1934 anka tsaurara dokar tace finafinai ta Hollywood. Garuruwa da yawa sunka riƙa kama duk namijin da anka gani da kayan mata. Julian Eltinge, wani shahararren mai shigar mata wanda a 1912 har gidan wasa anka sa ma sunanshi a Niyok, gab da mutuwarshi a 1941 sai da ta kai a Los Anjalis an hana shi sa rigunan, yana tsaye da kwat yana nuna su a rataye yana ba da labarinsu. Ban ce dokar bata da dalili ba. Amma attajirin da ya zauna a sama ya sayi tikiti ba wanda ya taɓa shi, mai gidan rawa ya canza wasa ya ci gaba da kasuwa, ɗan wasan ne ya kwana a sel sunanshi ya fito a jarida. Kuma abin bai mutu ba, a 1936 gidan Finocchio's na San Faransisko ya buɗe a sabon wuri da wanga wasa kuma ya daɗe shekaru da dama, saboda masu biya suna nan.

Malam Edita dubi Gusau yau. Masaƙa ta daɗe da durƙushewa, 'yan bindiga sun koro mutane daga ƙauyukka sun cika gari, da anka cire tallafin mai a 2023 sai da kwanon masara ya gagari magidanci. Yaro ya gama sakandare ba aiki ba jari, sai ya lura in ya yi bidiyo da kayanshi na maza ba mai kallo, in ya ari zanen yayarshi ya karya murya dubbai za su kalla, a turo mashi kyauta a layif, mai saida atamfa ko man shafawa ya kira shi talla. Su wa ke kallon? Mu ne. Alhazai ne da hajiyoyi, da matan aure cikin ɗaki, da ma wasu masu zagin nashi a kwamen bayan sun kalla har ƙarshe sun tura ma abokai. Ban ce kowane yaro yunwa ce ta kai shi ba, 'yan daudu sun daɗe a ƙasar Hausa tun kafin waya kuma kowa da labarinshi, amma wanga sabon yayi na bidiyo kuɗi ne ke hura shi.

Don haka roƙona ga Hisbah da malamanmu, in an kira yaro a yi mashi nasiha a asirce, a daina aske shi gaban kyamara ana yaɗawa, don wanda anka tozarta a duniya ba shagon da zai ɗauke shi gobe, sai ya koma inda ya fito. A kira ɗan kasuwan da ya ba shi kwangilar talla shi ma a zaunar da shi. Masu huɗuba su taɓo masu tura kyauta kamar yadda suke taɓo mai rawar. Mu kuma teloli mu buɗe ƙofa, yaron da ya iya ɗaurin ɗankwali da haɗa kala har mata na kwaikwayonshi yana da ido, watanni kaɗan a kan keke zai fara fidda ɗinki. Ni dai a shagona akwai keken da ba kowa a kai, in an kawo man irin wanga yaro da amincewar iyayenshi zan karɓe shi.

Wassalam,
Wani tela daga Tudun Wada, Gusau, jihar Zamfara