Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Uba Sani Na Kaduna: A Tura Likitocinmu Su Koyo Tiyatar Hannu

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya riƙo.

Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, kuma mafi yawan shekarun aikina a ɗakin tiyata na yi su, ina miƙa wa likita almakashi da zare. Ɗan ƙanwata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kafinta ne, bai kai shekara talatin ba. Wata Laraba da hantsi injin yankan katako ya datse masa babban yatsan hannun dama. Abokan aikinsa suka ɗaure hannun da tsumma, suka tsinto yatsan daga cikin garin katako, suka jefa shi a leda tare da ƙanƙara, suka tare Keke Napep. Kafin azahar muna asibiti. Matashin likitan da ke bakin aiki ya jujjuya yatsan, ya dube ni ya ce, "Baba, wannan mai ɗinkuwa ne, yankan ya fita tsaf. Sai dai ba mu da mai yin aikin, ba mu da madubin ƙara girma." Aka gyara dungun, aka ɗinke, aka sallame mu da maganin ciwo.

Yau ya kama guduma sai ta suɓuce. Maɓallin riga matarsa ke saka masa. Hatta lomar tuwo sai ya yi dabara. Likitoci na ƙiyasta cewa babban yatsa kaɗai ke ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu, ni kuwa a kan tabarmar gidanmu na ga gaskiyar wannan lissafi.

Ranka ya daɗe, mayar da gaɓar da ta yanke ba sabon ilimi ba ne. A 1962 likitoci a Boston ta Amurka suka mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa. A 1965 aka mayar da babban yatsa a Japan. Shekara sittin ke nan. Abin da aikin ke buƙata shi ne ido da haƙuri: jijiyar jinin yatsa faɗinta bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, zaren ɗinkinta ya fi gashin kai siranta, sai a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake ganin inda allura za ta shiga. A haɗa ƙashi, a haɗa jijiyoyin motsi, a ɗinka hanyar shigar jini da ta fitarsa, sannan jijiyar ji, wadda ke tofowa kimanin milimita ɗaya a rana. Likita kan shafe sa'o'i a zaune bai ɗaga kai ba.

Masu wannan aiki galibi likitocin tiyatar gyaran jiki ne. Da an ambace su, mutanenmu sai su tuna masu kuɗin da ke gyara hanci don kwalliya. A ƙasar nan kuwa aikinsu ƙuna ce, da leɓen jariri da aka haifa a tsage, da hannun da injin markaɗe ya taune, da saran adda. Muna da masu wannan fanni da suka gama horo ƙarƙashin kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa. Abin da ya rage musu shi ne ƙarin horo na wata shida zuwa shekara a inda ake irin wannan ɗinki dare da rana, kamar asibitin Ganga da ke Kwambato ta Indiya ko Chang Gung na Taiwan, waɗanda ke karɓar likitocin ƙasashen waje. Mai koyo ma da cinyar kaza yake farawa kafin a bar shi ya taɓa mutum.

Roƙona shi ne jiha ta ɗauki nauyin likita biyu ko uku, kowannensu da ma'aikacin jinyarsa na ɗakin tiyata da mai gashin ƙashi, domin yatsan da aka ɗinka ba a motsa shi bisa ƙa'ida ba sandarewa yake yi. Kafin su dawo a tanadi madubin da kayan aikin a asibitin Barau Dikko ko sabon asibitin nan mai gado 300 na Millennium City. Na san abin da za a ce: a horar da su, su tsere Saudiyya ko Ingila. To a rubuta yarjejeniya ta shekarun da za su yi wa jiha aiki. Amma na zauna da likitoci, na kuma sani ba albashi kaɗai ke korar su ba. Wanda ya koyo aiki ya dawo ya tarar ba kayan yi, hannunsa ke mutuwa, shi ya sa yake haɗa jakarsa.

Dalilin da ya sa dole aikin ya kasance a gida shi ne lokaci. Yatsa kan jure kimanin sa'a 12 ba sanyi, sa'a 24 in an sanyaya shi. Hannu mai tsoka kuwa da ya wuce sa'a 6 ba sanyi an shiga haɗari. Ina talaka zai samu fasfo da biza a wannan tsakani? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da ko sisi ba zai ci ba. Ɗora yatsa kai tsaye kan ƙanƙara, kamar yadda yaran nan suka yi da kyakkyawar niyya, yana iya lalata naman. A naɗe shi cikin ƙyalle mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, sannan a tsoma ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Ma'aikatar lafiya ta sa a riƙa faɗar wannan a rediyo, a kuma manna shi a bangon kowace rumfa a kasuwar masu sana'ar hannu ta Panteka. Gwamnatinka na tura matasa koyon walda da kafinta da kanikanci, kuma kowannensu gaban inji zai tsaya.

Ɗan ƙanwata yanzu awo yake yi wa yaransa, su yanka, shi yana kallo. Da na ce masa zan rubuto maka, cewa ya yi in gaya maka shi nasa ya riga ya wuce, amma yana da almajirai huɗu a kan wannan injin.

Na gode, Allah ya ƙara lafiya.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Tudun Wada, Kaduna.