Godiya ga Mu'allim da yaransa na garejin Sina'iyya, unguwar masana'antu ta Jidda

Assalamu alaikum. Ni direba ne a Jidda, kuma cikin motocin maigidana akwai wata Ford Mustang ƙirar 1966 da yake ji da ita kamar ɗiyar fari. Ba a fito da ita sai Juma'a da yamma, a zaga da ita bakin teku a dawo.

Bara ta fara wani kuka daga baya, da an taka mai sai ka ji guuu kamar ana niƙa. Wurin da na fara kai ta, ba sai na kama suna ba, ko durƙusawa ba su yi ba suka ce difirans ɗinta, wato akwatin giyan da ke juya tayoyin baya, mai inci 9 ne, wai haka duk Mustang take. Aka yi odar boris da giya daga Amurka, muka yi ta zaman jira, kaya suka iso suka ƙi shiga. Kunyar da na sha a gaban maigida, Allah kaɗai ya sani.

Wani abokina ne ya kai ni wajenku, Baba Mu'allim. Da na ji kana yi wa yara faɗa da Hausa, aka ce kakanninka da ƙafa suka zo hajji suka zauna, sai hankalina ya kwanta.

Ka kwanta a ƙarƙashinta da fitila. Ka nuna mini bayan aksul ɗin sumul yake, ba murfin da ake kwancewa, domin a irin wannan na Ford ta gaba ake zaro cikin gaba ɗaya. Ka ce da na Chevrolet ne, ƙirga kusoshin murfi za a fara yi, 10 ko 12. Daga nan ka ɗauki soket ka ɗora kan noti biyu na can ƙasa, ya zauna daram. Ka ce, “Ɗana, inci 8 ne. Da mai 9 ne soket ba zai kai nan ba, sai da sifana.” Ashe faɗin babban giyan da ke ciki ake nufi da incin, kuma a Mustang ta shekarar, mai 9 sai a masu injin 289 na musamman. Abin da ya ci mana makonni bai ɗauke ka minti biyar ba.

Yaronka ya goge ɗan ƙarfen shaida da ke maƙale a noti da fetur, lambar lissafin giyan, 2.80, ta fito, babu harafin L a tsakiya, alamar ba mai kulle tayoyi ba ne. Duk da haka ka ce takarda ma tana ƙarya balle ƙarfen da ya haura shekara hamsin. Kuka ɗaga ta a jak, ka juya taya ɗaya, ɗayar ta juya baya. Sannan ka yarda.

Boris ɗin ƙaramin giya ne kawai ya mutu. Kuka canza shi, kuka zuba sabon mai, kuka miƙo mini tsohon a leda in kai wa maigida ya gani da idonsa. Kayan da aka sayo bisa kuskure ma ku kuka samo wanda ya saye su, mafi yawan kuɗin ya dawo.

Na gode, Baba, na gode wa yaranka, da shayin da ba a bari ya huce. Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan magabata. Maigida ya ce in gaya maka akwai wata Jaguar a lulluɓe a gidan ƙaninsa, tana nan tafe bayan Sallah.

Ɗanka,
direban Mustang