Sanarwa kan Neman Tallafin Adana Wuraren Tarihi

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu daraja.

Za mu zauna ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 4 na yamma domin kammala takardar neman tallafin kuɗi. Masu ba da irin wannan tallafi sukan nemi hujja, saboda haka kowa ya turo hotunan kufan da aka ɗora masa kafin Alhamis, tare da awon tsagewar bango da inda ruwan sama yake cin gindinsa.

Ina roƙo kada kowa ya tona ƙasa ko ya ɗauke ko da tsingaro ɗaya, domin masana suna gane shekarun abu ne daga inda yake kwance. Kada kuma a shafa siminti a bangon ƙasa, yana riƙe danshi.

Allah ya saka da alheri.
Sakataren rukuni