Wasiƙar Tsakiyar Zango: Maganar Cin Zali Tsakanin Ɗalibai

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yaranmu.

Da fatan kuna lafiya, ya iyali. An saba buɗe wannan wasiƙa da maganar jarrabawa, amma yau jarrabawa za ta jira. Yawancinku kun ji abin da ya faru makonni biyu da suka wuce, wasu ma kun ji shi da ƙarin gishiri, don haka gara ku ji daga bakina.

Malamarmu ta jinya ce ta fara lura. Wani yaro ɗan aji ɗaya ya riƙa zuwa ɗakin shan magani da ciwon ciki, kuma kullum dab da a kaɗa ƙararrawar tara. Ba zazzaɓi, ba amai. Da an koma aji sai ciwo ya tafi. Ta buɗe rajistarta ta ƙirga, sau bakwai cikin mako uku. Da wata ce da ta kore shi da "ciwon ƙarya kake yi". Ita kuwa ta ba shi kujera, ta ci gaba da rubutunta kamar ba ta damu da shi ba, har ya gaji ya yi magana da kansa. Ashe 'yan aji biyar su uku ke tare shi a lungun bayan ɗakin gwaje-gwaje, su karɓe masa kuɗin tara, su sa shi tsallen kwaɗo. Ranar da babu kuɗi, mari. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki hotonsa yana durƙushe ya tura zauren WhatsApp na ɗalibai. Yara da dama sun gani, sun yi dariya ko sun yi shiru, amma ko ɗaya bai taka ofis ya faɗa ba. Wannan shirun ya fi komai tsaya mini a rai. Malama, Allah ya saka da alheri. Ina ma sauran ma'aikata za su riƙa duba rajistarsu haka.

Kwamitin ladabtarwa ya zauna. An dakatar da yaran uku na mako biyu, an karɓe bajon wanda yake firifet a cikinsu, kuma ba mai dawowa sai da mahaifinsa ko mai riƙonsa ya zo ya sa hannu a takardar alkawari. Bayan sun dawo za su riƙa zama da malamar ba da shawara, domin su ma 'ya'yanmu ne, gyara muke nema. Sunaye ba za ku ji su daga gare ni ba. Masu yaɗa su a zauren iyaye, na gani, a daina.

Mu ma da namu laifin. Wannan lungu ba ya cikin jadawalin malaman da ke zagaye lokacin tara, kuma ni na sa hannu a jadawalin. An gyara. Mataimakina mai kula da ladabi ya bi makarantar nan kusurwa-kusurwa tare da wasu 'yan aji ɗaya, suna nuna masa wuraren da suke tsoron bi, ya sa malami a kowanne.

Wani uba ya same ni a ofis ya ce, "Malam, wasan yara ne. Mu ma haka siniyoyi suka yi mana, ga shi mun zama mutane." Na girmama shi, amma ban yarda ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Norway, Dan Olweus, ya fara nazarin wannan matsala tun shekarun 1970, kuma alamomin da ya ware su ne muke aunawa da su: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko na jiki, ko na aji, ko na yawan abokai. Wasa kuwa kowa dariya yake yi, kuma wanda ya ce a bari ana bari. Rahoton 2019 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya gamu da cin zalin 'yan uwansa ɗalibai a cikin watan da ya gabaci tambayarsa. Yawan abu bai mayar da shi daidai ba. Sashe na 19 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya ɗora alhakin kare yaro daga duka da wulaƙanci muddin yana hannun wani babba, kuma daga safe zuwa tashi, hannunmu yake.

Sai waya. Dokar hana shigowa da ita tana nan, kun sa mata hannu ranar da kuka kawo yaran. Duk da haka wayar da aka ɗauki hoton nan uwa ce ta saya, "don in riƙa jin lafiyarsa". Ofis na da lamba, a kira. Facebook da TikTok su da kansu sun ce sai mai shekara 13, amma muna da 'yan shekara 11 masu shafi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

A gida ku sa ido. Yaro da ke son makaranta ya fara laɓewa da safe, maɓallin riga na yawan tsinkewa, littafi ko biro kullum "ya ɓata", barci ya ƙi, ko ya ji ƙarar saƙo ya firgita. In ya buɗe baki, kada kalmar farko ta zama "me ka yi musu?" ko "kai ba ka da hannu ne?" Wanda aka ce ya rama yakan dawo da rauni biyu, ko kuma shi a dakatar. Ku saurara, ku rubuta rana da wuri, in saƙo ne ku ɗauki hotonsa kafin a goge, ku kawo mana. Kada kuma wani ya tare ɗan wani a bakin ƙofa da sunan ɗaukar wa nasa fansa. Masu gadi sun san abin da za su yi. 'Yan mata ma a kula: nasu sau da yawa ba ya barin tabo a jiki, wariya ce da gulma da laƙabi.

Akwatin ƙorafi yana gefen ɗakin karatu, ni da malamar ba da shawara kaɗai ke da makulli. Ƙorafi a kan malami ko ma'aikaci ma nan za a saka shi, kuma ba babban da aka yarda ya keɓe da ɗalibi a ɗaki a rufe. Ranar Alhamis ta farko a watan Nuwamba, wadda UNESCO ta ware don yaƙi da cin zali a makarantu, za mu ba 'yan aji ɗaya taron safe su yi magana, manya su saurara.

Sauran batutuwa: jadawalin jarrabawa na manne a allon sanarwa. Mai ɗaukar yaro ya zo da katinsa, ba kati ba yaro. Makara ta sake yawa ranar Litinin. Taron iyaye da malamai Asabar mai zuwa ne, ƙarfe 10 na safe, kuma iyaye maza, wannan karon kada a bar wa mata kujerun.

Wassalam,
Shugaban Makaranta