Wasiƙa zuwa ga 'yata a Marwa, a kan jan biron da ya cika takardarta

Uwata,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zafin Marwa? Mu nan Garwa lafiya lau. Ruwan Binuwai ya ja baya, masu lambu har sun sauka bakin yashi.

Ƙaninki ya nuna min hoton takardar jarrabawarki ta Ingilishi, kada ki yi masa faɗa, ni na matsa masa. Na sa tabarau na bi ta layi-layi, na ƙirga wuri goma sha ɗaya da jan biro ya taɓa. Takwas daga ciki ciwo ɗaya ne, shi ya sa hankalina ya kwanta. Na san ciwon nan, shekara 26 na yi ina ganinsa a aji kafin in ajiye alli.

Kin rubuta "I have seen the patient yesterday". Na san hanyar da ta biyo. A ranki kin fara cewa "j'ai vu le malade hier", sannan kika bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya kina canza musu riga. A Faransanci babu laifi ko kaɗan. Amma Ingilishi ba ya haɗa "have" da lokacin da aka ambata wanda ya riga ya wuce. Da kin ce jiya, ko makon jiya, ko ƙarfe takwas, ko 2019, to sai "I saw". A aji nakan tashi in rufe ƙofa da ƙarfi, in ce wa yara wannan ita ce jiya, an rufe ta, "have" ba ya shiga. Sai in sake buɗe ta in ce wannan kuma yau ce, ko makon nan da muke ciki, ko rayuwar mutum da ba ta ƙare ba.

Shawarata ita ce ki daina biyowa ta Faransanci a wannan gaɓa, ki biyo ta Hausar da kika sha a nono. Muna da "taɓa", muna da "riga", muna da "tukuna", kuma inda suka zauna a Hausa galibi nan "have" yake zama. Kin taɓa zuwa Ngaundare? "Have you ever been to Ngaoundéré?" In kika amsa da cewa kin je bara, kin rufe ƙofa ke nan, sai "I went last year". Ya riga ya sha magani, "he has already taken it". Bai sha ba tukuna, "he has not taken it yet". Kin ga babu wanda ya tambayi ƙarfe nawa. Abin da ake so a sani shi ne halin da ake ciki yanzu.

Kada ki ɗauka maganar maki ce kawai. Aikin jinya kika zaɓa, kuma tun 1961 ƙasar nan tamu Kamaru da harshe biyu take aiki, Faransanci da Ingilishi. Wata rana likitan da za ki miƙa wa rahoto ɗan Bamenda ne ko Buya, yankin masu Ingilishi, ko kuma a tura ki wajen Mokolo, inda sansanin Minawao yake ɗauke da 'yan gudun hijirar Najeriya tun 2013. In kika ce "he has taken the tablet", kin gaya wa mai karɓar aiki daga hannunki kada ta sake ba shi. In kika ce "he took it at eight", kin ba ta abin da za ta ƙirga lokacin sha na gaba da shi. Mai kwance a gado bai san nahawu ba, amma a jikinsa bambancin yake sauka.

Sauran kurakuran ukun masu sauƙi ne. Mu a Hausa wakilin suna ne yake ɗaukar lokaci: na je, zan je, nakan je, "je" tana nan yadda take. Masu Ingilishi kuwa aikatau ɗin kansa suke juyawa. Yawanci a ƙara "ed" a ƙarshe an gama, amma waɗanda aka fi amfani da su kullum su ne masu taurin kai, kuma ba su da dabara sai hadda. Ki riƙa biya su uku-uku da murya kamar karatun allo: "take, took, taken", "give, gave, given", "eat, ate, eaten". Sannan in "did" ta shigo, ta riga ta ɗauki kayan, ba a sake ɗora wa aikatau. "Did he eat?" ake cewa, ba "did he ate" da kika rubuta ba.

Na ga kuma "he is sick since three days". Wannan "depuis" ta Faransanci ce ta biyo ki. Ciwon ya fara a baya kuma har yanzu yana nan, don haka "he has been sick for three days". Ki sa "for" in tsawon lokaci kike faɗa, "since" in ranar farawa ce, kamar "since Monday".

Abu ɗaya da ya faranta min rai shi ne layin da kika ce "I was washing the wound when he fainted". Wannan daidai yake cif. Mu sai mu ce ina wanke masa ciwo sai ya suma, "ina" ba ta canzawa ko yau ne ko bara, amma ke kin tuna kin mai da "am" ta koma "was". Wanda ya iya wannan ba zai kasa sauran ba, kuma "had" ma tana nan kusa: kafin likita ya iso jinin ya riga ya tsaya, "the bleeding had stopped".

Ki sayi ƙaramin littafi. Kowane dare bayan isha'i ki rubuta layi biyar a kan abin da kika yi ranar, biyu da ambaton lokaci, sauran babu. Ranar Juma'a ki ɗauki hotonsu ki turo, zan duba da koren biro don kada ranki ya ɓaci.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Ta daka miki yaji, za ta ba direban da ya saba kai saƙo ranar Asabar, ki je tasha da wuri. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a.

Mahaifinki