Koken Talakawan Ƙauyukan Gabas Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Allurar Riga-kafi

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu magidanta da iyaye mata da malaman tsangaya na ƙauyukan gabas a gundumarka, nan Jihar Jigawa, muna kawo kukanmu gare ka.

Shekara da shekaru muna buɗe ƙofa ga masu ɗigon shan-inna. Ga rubutun allinsu nan a jikin katangunmu, ga shaidar tawada a ƙaramin yatsan 'ya'yanmu. Da aka sanar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar, mu ma mun yi murna. To amma, ranka ya daɗe, da yaro ya wuce shekara biyar sai a manta da shi.

Lokacin da mashaƙo ya yi ƙamari a 2023, ya fi tsanani a Kano, mu ma ya leƙo mu. Wani almajiri ɗan shekara tara, maƙogwaronsa ya toshe, ko kunu ba ya wucewa. A amalanke aka kai shi bakin titi. Da aka tambayi malaminsa katin allura, sai ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.

Allurar kare 'yan mata daga sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara a Oktoban 2023 don 'yan shekara 9 zuwa 14, yawancin namu suna talla ko gona aka yi ta. Mai ciki kuwa sai ta biya kuɗin acaɓa ta je neman allurar sarƙewar haƙora, a ce mata ƙanƙarar akwatin ajiye allurar ta narke, ta dawo wani makon. Wa zai sake biya? Abin mamaki, idan mutum zai tafi Makka dole a yi masa ta sanƙarau, amma wanda ke zaune gida cikin zafin bazara babu mai tambayarsa.

Muna roƙon ka isar da maganarmu ga ƙaramar hukuma: a ba ɗakin shan maganinmu firiji mai aiki da hasken rana, a tsayar da ranar kasuwa ɗaya duk wata ta zama ranar allura ga yaro da babba, a turo ma'aikaciya mace don matan kulle. A kuma shiga tsangayu.

Shela da tara jama'a, wannan ka bar wa masu unguwanni da limamanmu.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka,
Jama'ar ƙauyukan gabas