Ba kowane fayil ke shiga kowace kwamfuta ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maganar da baƙonku ya yi a shirin fasaha na rediyonku ranar Asabar ta ɓata mini rai ƙwarai. Wai manhaja duk ɗaya ce, ka sauko da ita ka danna kawai. Wallahi ba haka ba ne.

Washegari wani yaron unguwarmu ya zo shagona da filashi. Ya kwafo fayil mai .exe a wurin abokinsa, yana so in saka masa a tsohuwar kwamfutarsa, wadda ni da hannuna na ɗora wa Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, bayan Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. Na ce masa wannan ba nata ba ne. Ya kalle ni ya ce ai a rediyo aka faɗa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, yaro ya ƙaryata ni a gaban kwastomomi saboda ku!

Manhajar da aka riga aka harhaɗa, daidai jikin tsari guda aka ɗinka ta. Windows tana da .exe, Mac tana da .dmg. Ko a cikin Linux ɗin ma, nau'o'insa sun bambanta: .deb na Debian da Ubuntu ne, .rpm na Fedora. Kai, har .deb ɗin da aka haɗa a kan Ubuntu 24.04 yakan ƙi tashi a 20.04, don yana neman sabuwar glibc, wani ginshiƙin tsarin da manhajoji ke dogara da shi, wadda babu a can. Da baƙon naku ya tambayi masu Mac ma, tun 2020 da M1, furosesar da Apple ta ƙera, ta fito, sai da manhajar fassara ta Rosetta 2 manhajojin da aka haɗa wa furosesar Intel ke aiki a kanta.

Na san zai ce ai akwai Flatpak da Snap da AppImage, hanyoyin haɗa manhaja ɗaya ta yi aiki a nau'o'in Linux daban-daban. Akwai, ina amfani da su. To me ya hana shi gaya wa mutane cewa karon farko Flatpak kan jawo ɗaruruwan megabait kafin manhajar ta buɗe? Mai sayen data kaɗan-kaɗan shi zai ji a jikinsa. Don Allah ku dawo da shi ya gyara maganarsa da bakinsa.

Sannan layin wayarku. Sau huɗu na kira ba a ɗauka ba, ga tallar maganin basir ta cinye kusan rabin shirin.

Naku,
mai gyaran kwamfuta daga Zariya